Ramin da Na Toshe a Gidan Sarkin Bakin Kogi

Sunana Haruna, magini ne ni. A Kurfi na koyi aikin a hannun ƙanen mahaifina, na yi shekara shida ina jefa masa tubali kafin ya yarda in hau bango, daga baya na koma Dutsin-Ma lokacin da ake ta gine-ginen En'e. Shekara biyu kafin Turawa su sauka daga mulki na ɗauki mahaifiyata muka kama hanyar Makka ta ƙasa. Ita ta ce ba za ta shiga abin da ke tashi sama ba, ni kuma ko ta yarda ba ni da halinsa. Inna Bafillatanar Rawayau ce, ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" take ce mini, ranar da ranta ya yi fari kuma ta ce "Magini."

A Yerwa aka cuce mu. A tashar mota wani mutum mai farar riga da dogon carbi ya tare mu, ya ce shi ma mutumin ƙasar Katsina ne. Ya yi ta tambayar lafiyar mutanen Dutsin-Ma ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar na ga ɗan'uwa. Sai bayan watanni na gane ni ne na fara faɗa masa sunayen. Ya karɓi fasfonmu na alhazai da katin lamba, ya ce sai an buga musu hatimin Faransa. Da yamma ya dawo da wasu takardu shuɗɗa guda biyu, ya ce an canza mana da na can. Ni ban yi boko ba, ajami kawai na sani. Na ga hatimi, na ninke, na sa a aljihu, har na yi masa addu'a.

Ya rako mu a mota har Kusuri, bakin kogin da ya raba ƙasar Kamaru da Cadi, ana hango Fallomi babban birnin Cadi a tsallake. Bai kai mu mashigin da kowa ke bi ba, inda jandarmomi suke. Ya bi da mu ta cikin ciyawa zuwa wani jirgin masunta, jirgin da aka ɗinke katakansa da igiya kamar yadda ake ɗinkin ƙwarya. Ya yi magana da masu jirgin cikin wani yare, ya juyo ya ce, "Ku shiga, Hajiya. Kuna ƙetarewa kun shiga Fallomi. Ni zan biyo na baya."

Jirgin bai ƙetare ba. Ya miƙe ya bi tsawon kogin, mutum huɗu suna tura shi da gora. Na nuna musu ɗaya gaɓar, suka gyaɗa kai. Bayan la'asar na sake nunawa, suka sake gyaɗa kai, suka miƙo mana busasshen kifi. Inna ta dube ni ta ce, "Kai wannan, halan haka ake ƙetare ruwa a nan?" Na ce ƙila akwai inda ya fi sauƙi a gaba. Kwana biyu muna tafiya.

Da hantsin rana ta uku suka tsaya gindin wani gari da ke bisa tudu. Suka sauke buhunan gishirinsu, suka sauke mu tare da su. Na ce wa babbansu, "Fallomi?" Ya yi dariya, ya nuna can inda muka fito. Washegari da muka idar da sallar asuba na ga rana ta fito ta bayan kogin. Ashe muna nan gefen da muka baro. Sunan garin kuwa, na yi wata bakwai a cikinsa ban iya faɗarsa yadda masu shi za su gane ba, saboda haka ba zan yi ƙoƙarin rubuta shi ba.

Duk da halin da nake ciki, abin da ya fara ɗauke mini hankali gidan Sarkinsu ne. Yana tsaye daidai leɓen kogin, baƙi ƙirin, hawa biyu, gindinsa ya fi samansa faɗi nesa ba kusa ba, kamar an kife turmi. Babu zanko ko ɗaya a kansa, babu zane a fuskarsa. Tagoginsa 'yan ramuka ne da hannu kawai zai shiga. Bangon bayansa kuwa a cikin gaɓar ya kafa ƙafa. A wajenmu ko rumbu ba a ginawa kusa da rafi haka. Na tsaya ina kallo da baki buɗe har Inna ta ja mini riga.

Mutane suka kewaye mu. Na yi musu Hausa, babu wanda ya motsa. Na jawo gaisuwar Barebari da na tsinta a Yerwa, suka amsa, magana ta ƙare nan. Na koma Larabcin allo, na karanto abin da na iya. Suka shafa, suka ce amin, suka ci gaba da kallona. Daga baya na ji akwai wanzami Bahaushe guda a garin, amma ya tafi Garwa tun bara bai dawo ba.

Inna ce ta cece mu, ba da niyya ba. Ƙafafunta sun kumbura, ta zauna bisa ƙunshin kayanmu tana mita da Fillanci. Sai wani tsoho mai jar hula ya matso ya ce, "Jam na?" Ta ɗago kai da sauri ta ce, "Jam!" Ni da na tashi cikin Hausawa, kullum ina jin nauyin in Inna ta yi Fillanci gaban abokaina, ranar nan ji na yi kamar in faɗi in rungume ƙafarta. Tsohon shi ne jakadan Sarki wajen Fulanin da ke kiwo a fadamun ƙasar. Bappa muke ce masa. Sai dai Fillancinsa da na Inna ba su cika haɗuwa ba, ga shi kunnenta na hagu ya yi nauyi tun wata cuta da ta yi. Duk abin da na sani game da garin nan, ta wannan ƙunƙuntar hanya ya iso gare ni.

Bappa ne ya kai takardunmu wurin malamin Sarki mai karatun Faransanci. Ya dawo yana ƙoƙarin danne dariya. Inna ta saurara, ta juyo ta ce, "Wai takardun allurar shanu ne. Ni saniya ce, kai ɗan maraƙi." Ta faɗa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Aka ce ɗaya gaɓar da muke hangowa Cadi ce, amma wanda ba shi da takarda komo da shi ake yi, kuma damina ta kusa, hanyar mota za ta mutu sai bayan ruwa ya janye.

Aka ba mu ɗaki kusa da ƙofar fada. Abinci kifi da safe, kifi da yamma, da tuwon jar dawa. Inna da ba ta taɓa sa kifi a baki ba sai ta riƙa cin tuwon gaya, tana zancen kindirmon Rawayau da furar Birchi kamar mai lissafa 'yan'uwan da suka mutu. Ni kuwa duwatsu nake kewa. Na tashi ina buɗe ido in ga dutse a gabas, dutse a yamma. A ƙasar nan kuwa na yi yawo wuni guda ina neman ɗan dutsen da zan wasa wuƙa ban samu ba. Ko na niƙa daga nesa ake kawo shi, gadonsa ake yi.

Inna ta gaya wa Bappa sana'ata, aka kai ni wurin babban maginin fada, wani baƙin mutum gajere mai suna Mahamat. Bai tambaye ni komai ba. Ya kama hannuwana ya juya, ya shafa tafin, ya gyaɗa kai, ya nuna mini inda ake kwaɓa.

Nan kaina ya fara ɗaurewa sosai. Mutanen nan ba sa yin tubali. Baƙar laka suke haƙowa daga fadama, su zuba mata ciyawa da kashin shanu, su bar ta ta ruɓe har warinta ya hana mutum wucewa, sa'an nan su riƙa ɗora ta ɗanya da hannu, layi bisa layi, kamar mai ginin tukunya. In layi ya sha iska sai a ɗora wani. Babu harsashin dutse, babu jar ƙasa, babu makuba. Na ce a raina wannan ruwan farko zai narkar da shi. Mahamat ya ga fuskata, ya ba ni gatari ya nuna mini wani tsohon bango da za a rushe. Na sara, gatarin ya dawo mini kamar na sari ƙirya.

Cikin gidan kuma wani abu ne. Kowace ƙofa gajera ce, dole ka sunkuya. In ka shiga soro ba za ka ga ƙofar fita a gabanka ba, tana can gefe ko bayan ginshiƙi, hanya ta yi ta karkata har ka rasa ina ne gabas. Matakalar benen ba a yi ta daidai ba, wannan taki gajere, na gaba dogo, kuma da gangan, don baƙon da ya hau da gudu ya faɗi. Sau uku ina ɓata a ciki. Na ukun na faɗa tsakar gidan da mata ke girki, wata tsohuwa ta biyo ni da muciya har waje. Amma in ka samu ka kai rufin sama, za ka ga kogin daga inda ya ɓullo har inda ya ɓace, babu jirgin da zai wuce ba a gan shi ba.

Da yamma, in an tashi aiki, nakan roƙi Inna ta tambayar mini Bappa wanda ya gina gidan.

"Ya ce ƙattai suka yi tudun," in ji ta.

"Waɗanne ƙattai, Inna?"

"Mutanen da. Wai ɗayansu in ya miƙa hannu sai ya tare kogin ya kwashi kifi. Ko ƙafa ya ce, ban ji da kyau ba."

"To gidan fa?"

"Kakan kakan Sarki ya zo cikin jirgi, ya roƙi wurin shanya tarunsa. Aka ba shi na kwana ɗaya. Har yau bai naɗe tarun ba."

Bayan kwana biyu na sake tambaya, sai ta ce mace ce ta zo cikin jirgin, ta auri ƙaramin ƙattan.

"Inna, shekaranjiya kin ce namiji ne."

"Shekaranjiya ta gefen hagu ya zamna."

Tarihin da na yarda da shi shi ne wanda Mahamat ya nuna mini da yatsa, a inda yaɓe ya zube a kusurwar kudu. Can ƙasa laka ce mai tauri cike da fasassun tukwane, ta ƙattan ke nan. Samanta wani layi ja, ƙonanne, ya yi mini alamar bindiga da wuta, ya nuna gabas: wani mayaƙi ne ya zo zamanin kakansa ya ƙone benen. Sama da wannan sabon ɗori. A gefe guda akwai ɗaki mai rufin kwano da tagar gilashi, wanda Jamusawa suka yi wa Sarkin lokacinsu, babu mai kwana ciki saboda zafi, albasa ake ajiyewa. Faransawa kuma farar ƙasa suka sa aka shafa, a fuskar da kumandansu ke gani in jirginsa ya tsaya kawai. Ƙasan gaɓar, inda ruwa ya zaizaye, na ga bakin wata ƙatuwar randa ya leƙo. Na leƙa ciki na ga ƙasusuwan mutum a zaune. Na ja da baya ina salati. Mahamat ya ɗebi laka ya rufe bakin a hankali, kamar mai gyara wa barci mayafi.

Kafin ruwa ya sauka akan yi wa bangon baya sabon yaɓe, kowace unguwa da nata yankin. Ana cikin haka Mahamat ya tafi kudu zaɓo azara. Kafin ya tafi ya yi wa Bappa bayani, Bappa ya yi wa Inna, Inna ta ce mini, "Wai daga wancan ginshiƙi zuwa wancan naka ne. Duk inda ka ga ya buɗe ka toshe."

Na yi murna, don na daɗe ina so in nuna musu aikin Katsinawa. A ɓoye na riga na yi tubali kamar hamsin na shanya bayan ɗakinmu. Na bi tsagogin na cike. Can gindin bangon, bayan wata ciyawa, na tarar da rami mai faɗin bakin rumbu, cikinsa sumul, yana ƙarnin kifi, ga ɓawon ƙwai da fasassun ƙore a bakinsa. Na ce lallai mutanen nan sakaci gare su, rami irin wannan a gindin bangon Sarki, ga kogi na zuwa. Na kwaso tubalina na jera, na cike, na yaɓe, na goge har ba a gane wurin. Ranar nan na ci kifi da daɗi.

Da safe ina alwala na ji ihun mace daga bakin ruwa. Kafin in sa hula gari ya taru can. Na je na tarar da wata tsohuwa da ƙwaryar ƙwai a hannu tana nuna aikina tana kururuwa. Wallahi da farko na ɗauka yabawa ake yi, har na matsa gaba na dafa ƙirji don a san mai aikin. Sai wuri ya yi tsit. Mutum biyu suka kama ni ta hammata, ƙafata ba ta ƙara taɓa ƙasa sosai ba sai a soron Sarki.

Ban taɓa ganin zaman fada irin wannan ba. Sarki yana bayan asabari, inuwarsa kawai ake gani. Manyan gari duk sun tuɓe riguna zuwa ƙugu, suna zaune sun ba shi gefe, babu mai dubansa. In ya yi magana ƙasa-ƙasa, wani ya maimaita da ƙarfi, Bappa ya juya da Fillanci, Inna da aka shigo da ita tana ɗingishi ta juya mini da Hausa. Kafin magana ta iso gare ni ta bi baki huɗu.

"Sun ce ka rufe wa mai gari ƙofa."

"Sarki? Ai ga shi can zaune."

"Ba wannan ba. Wani."

"Sarki biyu gare su?"

"Wai wancan ya girmi wannan. Yana ciki, ka gine shi da rai."

Na ɗauka wani tsoho ne ke kwana cikin ramin na kashe shi. Na fara rantsuwa cewa na leƙa ban ga kowa ba. Wani dattijo mai tabo a goshi ya miƙe yana magana da zafi, yana nuna ni yana nuna kogin. Na ce, "Inna, me ya ce?" Ta gyara lulluɓinta, ta ja jiki gaba, ta fara magana da Fillanci.

Ta daɗe tana yi. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana gaban maza haka ba. Ta nuna ni, ta ɗaga hannu sama, ta sauke shi ƙasa da sauri, ta dafa ƙeyarta. Ta share ido da bakin zane. Bappa yana juyawa, ina ganin fuskokin mutane suna sakkowa ɗaya bayan ɗaya. Mai tabon ya zauna. Wani ya girgiza kai yana tsaki irin na tausayi. Daga bayan asabarin aka yi magana gajera.

"Ka tahi ka buɗe," in ji Inna. "Da hannunka, ban da ƙarfe. Ka zamna nan har ya hito."

"In bai fito ba fa?"

"Tashi dai."

Na buɗe ramin da farce. Aikina mai kyau ne, shi ya sa na sha wuya, yatsuna biyu suka fashe. Na zauna gefe, mutanen gari suka zauna nesa kaɗan suna kallon ramin, ni ina kallonsu. Wuni guda babu abin da ya fito. Aka mayar da ni ɗaki da mai gadi a ƙofa. Rana ta biyu ma haka. Na yi ta tunanin in aka jefa ni ruwan nan wa zai kai Inna gida, ita da ko sunan garin da take ba ta sani ba. A rana ta uku, rana ta take tsaka, na ji motsi. Wani kai ya leƙo yana zaro harshe mai baki biyu. Guza ne, amma ban taɓa ganin mai girmansa ba, ya kai tsawon mutum. Ya fito a hankali, ya tsaya ya dube ni, ya taka ƙafata ta dama da faratansa, ya ja wutsiya ya gangara ruwa. Mata suka ɗauki guɗa.

Na zauna nan ina juya abin a raina. Mutanen nan salla biyar suke yi, masallacinsu na jikin fada, limaminsu ya fi ni karatu nesa. Ga shi kuma sun kusa halaka baƙo saboda guza. Bappa ya ce, ta bakin Inna, tun ranar da aka kafa garin aka yi alkawari da guzan, shi ke riƙe da bangon, in ya mutu gidan zai bi ruwa. Da Mahamat ya dawo ya ji labari, sai ya ja ni tsakar gidan fada, ya sa aka juye randa uku a ƙasa, ya sake jana da sauri muka zagaya bayan bango. Sai ga ruwan yana fitowa ta ramin. Ashe duk ruwan saman da ya sauka cikin gidan nan ta wannan hanya yake fita. Da na bar shi a toshe, ruwan farko zai taru ya jiƙa gindin bangon ya kwantar da shi. Na nuna ramin, na yi alamar guza da hannu, na yi alamar ruwa, ina tambayarsa wanne ne gaskiya. Ya gyaɗa kai ga duka biyun.

Daga ranar garin ya canza mini. Mata suka riƙa aiko mini da kifi mafi tsoka. Dattawa in sun gamu da ni sai su dafa kafaɗata, su yi mini magana da ƙarfi, a hankali, suna murmushi. Aka hana ni hawa bene, aka karɓe gatarin da ke hannuna, in na ɗauki abu mai nauyi wani ya zo ya karɓa. Inna ma aka samo mata nono daga rugar da ke bayan fadama, kullum ƙwarya guda. Na ce a raina, tun da mai garin nasu ya taka ƙafata, na zama babban mutum ke nan. Har na fara tafiya da ƙasaita.

Damina ta yi ta ƙare kogin bai wani motsa ba. A wajenmu Karaduwa, kogin ƙasarmu, in an yi ruwa da safe ta cika ta yi hauka, kafin kwana biyu yara na wasa cikin yashinta. Wannan kuwa sai da sama ta ɗauke, dawa ta fara nuna, sa'an nan ya fara tasowa, shiru, ba hadari ba iska, kullum taki guda. Ya cinye fadama, ya kewaye garin har muka zama tsibiri, ya hau bangon fada ya shanye ramin. Kullum da safe nakan je in dafa bangon in ji ko ya yi laushi. Bai yi ba. Na tambayi inda ruwan ke fitowa alhali ba a ruwa, aka ce daga kudu. Na ce wane ne ke zubo shi daga kudun, aka yi dariya aka dafa kafaɗata.

Cikin zaman jiran nan na roƙi Mahamat ya bar ni in yi baka irin tamu a ƙofar da ke gangarawa mashaya. Ya yi shawara da Bappa, suka dube ni, suka yarda. Na yanka azara gajeru, na ɗaure su suna hawa kan juna daga dama da hagu har suka haɗu a sama, na lulluɓe da laka. Ba ta kai wadda na yi a Dutsin-Ma kyau ba, amma ta tsaya. Ranar da na gama, gari ya zo kallo. Suka yi ta tafi, wata tsohuwa har da hawaye. Sarki ya aiko mini da riga. Mahamat kaɗai ne bai yi tafi ba. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe yana kallon sama, ya fito ya dube ni, ya dubi Inna da ke zaune can gefe, ya yi wani ɗan murmushi da ban gane ba.

Da ruwa ya janye, Sarki ya sa malaminsa ya rubuta wa kumandan takarda. Aka yi mana sabuwar lamba a dantse, aka ba mu takardun mutane. Bappa ya rako mu bakin ruwa, shi da Inna suka yi ta sallama, kowa na amsa abin da ɗayan bai faɗa ba. Daga can muka samu motar Fallomi, muka yi shekara guda a Sudan ina gini, muka sauke farali a shekara ta uku, na dawo da Inna Rawayau da ƙafafunta. Amma maganar da ta fi zauna mini a duk tafiyar ita ce wadda muka yi cikin jirgin nan, muna tsakiyar kogi, gidan Sarki yana ƙanƙancewa a bayanmu.

Na ce, "Inna, wai me kika gaya wa Sarki ranar nan?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na zagaya ta damanta na sake tambaya.

"Na ce masa kana yaro ka faɗo daga kan soro, ka bugu a ƙeya. Tun ran nan hankalinka bai cika ba. Hannunka kawai ke aiki."

"Ni? Yaushe na faɗo daga soro?"

"Ba ka faɗo ba."

Na tuna kifin, da dafa kafaɗa, da gatarin da aka karɓe, da tafin da aka yi wa bakata. Kunya ta rufe ni har wuya. Na ce, "Wata shida ke nan gari guda na kallona a matsayin taɓaɓɓe, kina gani kika yi shiru?"

"Ka ci kifi, na sha nono. Mi ya same ka?"

"Mutuncina fa, Inna?"

"Mutuncinka zai ɗauke mini kaya zuwa Makka? Kai nake so da rai, Magini."

Jirgin ya kusa gaɓa. Sa'an nan na ce, "Ashe da gaske jefa ni ruwa za su yi?"

Ta ɗaure bakin ƙunshinta, ta miƙo mini hannu in tashe ta.

"Wa ya sani? Ni rabin maganarsu ma ban ji ba."